Da rarrafe yaro kan tashi: Kula da jariri daga wata 7 zuwa shekara



Duk uwar da ta taɓa zuwa gidan suna da goyon wata 8 ko 9 ta san yadda hirar take tafiya. Da zarar kin sauke shi sai tambayoyi su fara: Ya soma rarrafe? Haƙora nawa? Wata ta ce ai nata a wata 9 ya miƙe, wata ta ce ki sayo masa keken koyon tafiya, wata kuma ta ba ki sunan maganin haƙorin da ta ce babu kamarsa. Sai ki koma gida zuciya ba daɗi, kina kallon yaron da kika fita da shi lafiya lau kamar wani abu ya same shi.

Damuwar tana da tushe, domin watannin nan ba ƙananan watanni ba ne. A shekarar farko ƙwaƙwalwar jariri tana kusan ninka girmanta, nauyinsa kuma yakan kai kusan ninki uku na nauyin haihuwa. Sai dai sau da yawa mukan damu da abin da bai kai a damu ba, mu kashe kuɗi a kan abin da zai iya cutar da yaro, alamar da ta kamata ta kai mu asibiti kuma mu ce ai haƙori ne. Wannan makon bari mu bi watannin ɗaya bayan ɗaya.

Kowane yaro da lokacinsa

A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon wani bincike da aka bi lafiyayyun yara sama da 800 a ƙasashe biyar: Ghana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. An gano cewa zama ba tare da jingina ba yana zuwa ne tsakanin kusan wata 4 zuwa wata 9. Rarrafe da hannu da gwiwa tsakanin wata 5 zuwa 13 da rabi. Tsayawa ta hanyar dafa wani abu tsakanin kusan wata 5 zuwa 11 da 'yan kwanaki. Tafiya shi kaɗai kuwa daga wata 8 har zuwa wata 17 da rabi. Kusan yara 4 cikin 100 ma ba su yi rarrafe ba sam, wasu jan gindi suka yi, wasu jan ciki, daga nan suka miƙe.

Ke nan ɗan maƙwabciyarki da ya taka a wata 9 da naki da zai taka a wata 15 duka suna kan hanya. Idan kuma bakwaini kika haifa, ki cire makonnin da ya rage bai cika ba kafin ki yi lissafi. Wanda ya zo da saura wata 2, idan ya kai wata 9 da haihuwa, a ma'aunin ɗan wata 7 za a duba shi.

A sauke shi ƙasa

Jijiyoyin wuya da baya da cinya ba sa ƙarfi sai an yi aiki da su, kuma wurin aikin shi ne ƙasa. Goyo abu ne mai kyau, yana kwantar wa yaro da hankali, yana sa shi jin ɗumin uwarsa. Amma ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce kada a ɗaure ɗan ƙasa da shekara a wuri guda fiye da awa ɗaya a lokaci ɗaya, ko a keken turawa ne, ko a kujera, ko a bayan mai reno. Mun san halin zaman birni. Wadda take ɗaki ɗaya a gidan haya a Agege ko Idi-Araba ko Sabo ta Ibadan, ga girki ga wanki ga tsakar gida da ake rabawa da mutum goma, goyo ne kaɗai kwanciyar hankalinta. Duk da haka a yi ƙoƙari. A share gefe guda na ɗaki, a shimfiɗa tabarma mai tsabta, a sauke shi sau da yawa a yini.

Ki ajiye abin da yake so ɗan nesa da hannunsa, ki bar shi ya yi ta kokawar isa gare shi. Kada ki yi saurin miƙa masa. Wannan nishin da yake yi shi ne motsa jikinsa. Ba sai an sayi kayan wasa masu tsada ba. Murfin tukunya da ludayin katako, kofunan roba da yake sa ƙarami cikin babba, kwali mai tsabta da zai riƙa zuba abu yana juyewa, duk sun wadatar. Idan ya fara dafa kujera yana miƙewa, ki bar shi ba takalmi a cikin ɗaki, domin tafin ƙafa da yatsu suna taimaka masa ya koyi daidaita jiki.

Keken koyon tafiya, wato wanda ake zaunar da yaro a ciki mai tayoyi a ƙasa, ba ya koya wa yaro tafiya. Kujerar ce take ɗauke da nauyinsa, shi kuwa yana tura kansa da kan yatsu, alhali tafiya tana buƙatar ya ɗauki nauyin kansa, ya faɗi, ya tashi. Ga haɗari: cikin ƙiftawar ido ya isa bakin matakalar bene, ko wurin risho, ko ya janyo wayar butar lantarki. Saboda yawan raunukan da yake jawowa, ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Kuɗinsa gara a sayi ƙwai da su.

Ki zaga ɗakin da idon mai rarrafe

Ranar da yaro ya fara motsawa, gidan ya canza. Ki durƙusa ki dubi ɗakin daga tsayinsa, za ki ga abin da ba ki taɓa lura da shi ba. Wajen wata 9 zuwa 10 yake koyon ɗaukar ƙaramin abu da babban yatsa da manuni, kuma duk abin da ya ɗauka baki zai kai: tsabar kuɗi, maɓalli, ƙwayar maganin kaka da ta faɗi ƙarƙashin gado, ƙaramin batirin agogo. Shi wannan batirin idan aka haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i, don haka asibiti za a nufa nan take.

A birane da yawa ruwa sai an tara, shi ya sa bokiti da baho ba sa rabuwa da ɗakunanmu. Kan jariri yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da girman jikinsa. Idan ya dafa bokiti ya leƙa ya kifa ciki ba zai iya fitar da kansa ba, kuma ba za a ji kukansa ba. A rufe, ko a ɗaga sama, ko a zubar. Kananzir da fetur da maganin ƙwari kada a zuba su a gorar ruwa ko ta lemo. Hitar dafa ruwa, dutsen guga, garwashin turaren wuta da wayar lantarki da ke kwance a ƙasa duk a nisanta su. Kada kuma a bar shi shi kaɗai a kan gado ko da na minti ɗaya ne.

Idan abu ya shaƙe shi har ya kasa kuka ko tari, kada ki tura yatsa cikin bakinsa kina lalube, za ki iya ƙara tura abin ciki. Ki kifa shi a kan hannunki, kansa ya ɗan yi ƙasa, ki buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau 5. Idan bai fito ba, ki juyo shi, ki danna tsakiyar ƙirjinsa sau 5. Ki ci gaba da maimaitawa, wani kuma ya nemo abin hawa.

Hira da wanda bai iya magana ba

A waɗannan watanni ne gwaranci yake kankama: ba-ba-ba, da-da-da, ma-ma-ma. Kunnen jariri yana tantance sautukan harshen da ake yi masa magana da shi, yana riƙe waɗanda yake yawan ji. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da muke renon 'ya'ya a Legas ko Fatakwal ko Abuja, inda Yarbanci ko Turanci ko Burokin ne a bakin ƙofa. Idan kuna son ɗanku ya bambance kafa da ƙafa, ko dari da ɗari, yanzu ne lokacin da ya kamata kunnensa ya ƙoshi da Hausa. Kada ku ji tsoron harshe biyu ko uku za su rikita shi ko su jinkirta masa magana. Ƙwaƙwalwar yaro tana iya ɗaukarsu tare.

Sai dai daga bakin mutum yake koya. A 2003 wata masaniya mai suna Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington ta Amurka sun gwada wannan da jarirai 'yan wata 9 da ba su taɓa jin harshen Sin ba. Wasu an haɗa su da mutanen da suka zauna suna yi musu magana da wasa a harshen har sau 12. Wasu kuma an nuna musu irin wannan a talabijin, ko an kunna musu murya kawai. Waɗanda suka zauna da mutum sun koyi bambance sautukan harshen. 'Yan talabijin da na murya kuwa ba su koya ba. Ƙa'idar 2019 da muka ambata ta ce ɗan ƙasa da shekara bai kamata a ba shi kallon waya ko talabijin ba. Gaskiya ne waya tana sa shi shiru ki samu ki gama aiki, amma shirun nan lokaci ne da aka cire daga na hira.

Hirar ba ta buƙatar a ware mata lokaci. Kina wanka ki ce masa ga hannu, ga ƙafa, ga ruwa. Kina girki yana kusa, ki faɗa masa abin da kike yi. Idan ya ce ba-ba, ki dube shi ki maimaita, sannan ki dakata ya ba ki amsa. Idan ya kalli kyanwa ko ya nuna fanka, ki ambaci sunan abin. Ki rera masa waƙoƙin reno da kika gada, ku yi tafa-tafa, ki koya masa ɗaga hannu idan babansa zai fita. Ki rufe fuskarki da mayafi ki buɗe, ko ki ɓoye cokali ƙarƙashin zane yana kallo. Wajen wata 8 zai fara ɗaga zanen yana nema, domin ya fara gane cewa abin da ya ɓace wa ido yana nan.

Wannan ganewar ce take kawo ƙiwa. Yaron da jiya kowa ke ɗauka, yau ya ga baƙo sai ya ƙanƙame ki, kin shiga banɗaki sai kuka. Ba lalacewa ya yi ba, kuma ba goyo ne ya yi masa yawa ba. Ya san nasa ne, ya san kuma idan kin fita kina wani wuri. Kada a tilasta masa zuwa hannun wanda yake gudu. Idan ke ma'aikaciya ce, kada ki sulale ki gudu, ki yi masa sallama a taƙaice ki tafi, a hankali zai gane cewa kina dawowa. Wadda kuke bar mata shi, kaka ce ko 'yar aiki ko gidan reno, a gaya mata a sarari: a sauke shi ƙasa, a yi masa magana, ban da waya.

Kai kuma maigida, wannan aikin har da kai. Ko da cunkoson hanya ya sa ba ka isa gida sai bayan magariba, minti 10 da za ka zauna a tabarma ka ajiye waya ya hau jikinka ya ja gemunka yana da amfanin da kuɗin cefane ba za su maye gurbinsa ba.

Abin da ke cikin kwano

Daga wata 6 nono kaɗai ba ya isa, amma ba a dainawa, a ci gaba har shekara 2 ko fiye. Ɗan wata 6 zuwa 8 a ba shi abinci sau 2 zuwa 3 a yini, a fara da cokali 2 ko 3 a riƙa ƙarawa. Daga wata 9 zuwa 11 sau 3 zuwa 4, kusan rabin kofi mai cin mililita 250 kowane ci, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu, kamar ayaba ko gwanda.

Kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu shi ne tsinkakken koko. Cikin jariri ƙarami ne, idan aka cika shi da ruwan kamu da sukari zai ƙoshi amma jikinsa bai samu abin gini ba. Kunun yaro ya yi kaurin da idan kika karkata cokali ba zai tsiyaye ba. A haɗa gero ko dawa ko masara da soyayyen waken suya da gyaɗa a niƙa tare, bayan an tsince duk gyaɗar da ta yi funfuna ko ta canza launi. A ɗiga ɗan manja ko man gyaɗa.

Sinadarin ƙarfe na jini da aka haifi jariri da shi yakan fara ƙarewa wajen wata 6, kuma ƙarancinsa yana shafar ƙwaƙwalwa. Ana samunsa a hanta, nama, kifi da wake, ƙwai kuma yana ƙara masa abin gina jiki. Zancen cewa ƙwai yana sa yaro sata ko yana hana shi magana ba shi da tushe. A dafa shi ya dahu sosai a marmasa. Faten wake, faten dankali da alayyahu ko zogale, kabewa, tuwo mai laushi da miyar kuɓewa da aka saka dakakken busasshen kifi, duk abincin yaro ne. Ki ɗebi nasa kafin ki saka yaji da gishiri da magi. Idan za ki ba shi sabon abu, musamman ƙwai ko gyaɗa ko kifi, ki fara da kaɗan ki lura. Kumburin fuska ko leɓe, ƙuraje masu tashi nan take ko wahalar numfashi na nufin a tafi asibiti.

Zuma kada ta shiga bakinsa sai ya cika shekara, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jijiyoyin jariri. Shayi yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe. Lemon kwalba da alewa suna kashe masa sha'awar abinci. Gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, gugguru, aya da inabi ɗungurungum suna shaƙewa.

Wajen wata 8 zuwa 9 a fara rage niƙa, a bar ɗan gudaji, a ba shi abin da zai riƙe da hannunsa kamar yankan dafaffen dankali. Zai ɓata jiki, zai zubar da rabi, amma da haka hannu da baki suke koyon aiki tare. Ya samu kwanonsa daban don ki san abin da ya ci. Ɗura kuwa a bar ta. Toshe wa yaro hanci a kwarara masa kunu yana kuka na iya kai kunun cikin huhu, kuma an sha rasa yara ta haka. Idan ya ƙi abu yau, ki sake gwadawa bayan kwana biyu. Wani abincin sai an kawo shi sau da yawa kafin ya karɓa.

Ba komai ne haƙori ba

Haƙoran farko, galibi biyu na ƙasa, sukan fito wajen wata 6, wani yaron kuma sai ya kusa shekara. Suna kawo dalala, ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima. Ba sa kawo gudawa mai yawa ko zazzaɓi mai zafi. Abin da ya sa suke haɗuwa shi ne, a daidai wannan lokaci garkuwar da ya samo daga uwa take raguwa, ga shi yana rarrafe yana kai komai baki. Idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, a kai shi a duba, a yi gwajin maleriya. Idan gudawa ce, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti, da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da nono da abinci.

Masu dogon tunani za su tuna abin da ya faru a ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, lokacin da maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da wani sinadari mai lalata ƙoda, ya yi sanadin mutuwar yara aƙalla 84 a ƙasar nan. Haƙori zai fito da magani ko babu. Ki wanke hannu ki murza masa dasashi, ko ki ba shi tsabtataccen ƙyalle mai sanyi ya ciza. Da zarar haƙori ya fito a fara goge shi safe da dare.

Alƙawarin wata 9

Iyaye da yawa sukan yi ƙoƙari a alluran farko, daga mako 14 kuma sai katin ya shige ƙasan akwati. Ki ɗauko shi yau. A wata 6 akwai ɗigon bitamin A. A wata 9 akwai allurar ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau. A wata 12 a sake karɓar bitamin A, a wata 15 kuma allurar ƙyanda ta biyu. Kyauta ne a cibiyoyin lafiya na gwamnati. Idan lokaci ya wuce ba a yi ba, a je a hakan, ba a makara ba. A riƙa auna nauyinsa kowane wata. Idan wata 2 suka wuce bai ƙaru ba, a nemi dalili. Barcinsa kuma, tsakanin dare da rana, awa 12 zuwa 16 ne, a kwantar da shi rigingine cikin gidan sauro.

Yaushe ya kamata ki damu?

Ki kai shi a duba idan ya cika wata 9 bai iya zama shi kaɗai ba, ko ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ko ba ya gwaranci, ko ba ya haɗa ido da ke. Haka nan idan jikinsa ya cika saki ko ya cika sandarewa, ko hannu ɗaya kawai yake amfani da shi, ko idonsa ɗaya yana karkacewa kullum. Idan ya kai shekara ba ya iya tsayawa ko an riƙe shi, ba ya ɗaga hannu ko miƙa abu, shi ma a duba. Mafi muhimmanci, duk abin da ya iya a da sannan ya daina, kada a jira. Yaron da ya yi shawara mai tsanani bayan haihuwa, ko ya daɗe bai yi kuka ba da aka haife shi, ko ya yi sanƙarau, yana buƙatar a gwada jinsa a kuma sa masa ido sosai. Matsalar ji ko ta jijiya da aka gano da wuri ta fi sauƙin taimako, don haka kada kunya ko maganar mutane ta sa a ɓoye yaro a ɗaki.

Akwai kuma alamun da ba sa jiran gari ya waye: ya kasa shan nono, yana amayar da komai, jijjiga, barcin da ba a iya tashinsa, numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya, haƙarƙari na lotsawa ciki, jini a kashi, faɗawar maɗiga, ko kumburin ƙafafu biyu.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, yana ci, yana wasa, yana ƙara sabon abu wata bayan wata, to ki kwantar da hankalinki. Ranar suna na gaba idan aka tambaye ki ko ya fara tafiya, ki ce yana hanya.

Allah Ya raya mana su. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.